Frederic Foley: Likitan da robar fitsarinsa ta kai har gindin ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya taɓa jinyar dattijo ko mai jego a babban asibitin Isa ko na Sabon Birni ya san robar fitsari. Siririya ce mai laushi, ana zura ta zuwa mafitsara, a haɗa ta da jaka a rataye a gefen gado. Mutumin Bafarawa da fitsari ya riƙe wa uba da tsakar dare ya san darajarta, domin cikin 'yan mintoci take sauke wa mara lafiya azabar da ta hana shi zaune ta hana shi tsaye.

Ma'aikatan jinya suna kiranta Foley. Sunan wani likita ne ɗan Amurka da ya rasu tun 1966, wanda kotu ta hana shi mallakar abin da ya ƙirƙira. A yau robar tasa ta wuce mafitsara. Ana tsayar da haɓo da ita, ana ceto masu zubar jini bayan haihuwa, har likitocin ƙwaƙwalwa na tokare facin da suka yi a gindin ƙoƙon kai da ita.

Ɗalibin harsuna da ya koma likita

An haifi Frederic Eugene Basil Foley ranar 5 ga Afrilun 1891 a garin St. Cloud na jihar Minnesota, a arewacin Amurka. Harsuna ya fara karantawa a Jami'ar Yale, har ya kammala. Daga nan ya shiga makarantar likitanci ta Johns Hopkins da ke Baltimore, ya fito a 1918, shekarar da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ya yi sa'ar malamai. Ya yi aiki da William Halsted, wanda ya shigo da safar hannu ta roba ɗakin tiyata. Ya kuma yi aiki da Harvey Cushing, wanda ake ɗauka a matsayin uban tiyatar ƙwaƙwalwa ta zamani, ya zama ƙaramin likitan tiyata a asibitin Peter Bent Brigham da ke Boston, inda Cushing ke shugabancin sashen tiyata.

Sai dai Foley bai bi sahun Cushing ba. Ya karkata ga cututtukan mafitsara da ƙoda da hanyoyin fitsari, ya koma jiharsu, ya zama shugaban wannan sashe a asibitin Ancker da ke birnin St. Paul. Hukumar da ke tantance ƙwararrun fannin a Amurka ta ba shi shaidar ƙwarewa a 1937, lokacin da ya riga ya daɗe yana aikin.

Matsalar da ta girmi kakanni

Riƙewar fitsari tsohuwar masifa ce, kuma tun zamanin da likitoci ke neman bututun da zai fitar da shi. Abul Ƙasim al-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajajen 1013, ya bayyana bututun azurfa na wannan aiki a littafinsa Al-Tasrif. A 1752 Benjamin Franklin ya sa aka ƙera wa ɗan'uwansa mai fama da tsakuwar mafitsara wani na azurfa mai lanƙwasuwa. A ƙarni na 19 likitan Faransa Auguste Nélaton ya kawo na roba mai laushi.

Shigar da bututu ya zo da sauƙi, zaunar da shi ne ya gagara. Roba mai santsi takan zame ta fito da zarar mara lafiya ya motsa. Sai a ɗaure ta da zare ko filasta a jikin mutum, wani lokaci ma a ɗinke ta da fata. Wasu likitocin Faransa sun ƙera masu kai mai faɗi da ke maƙalewa a ciki, amma sanya su da cire su na da zafi. An kuma taɓa gwada balan-balan tun tsakiyar ƙarni na 19, sai dai kayan wancan zamani ba su da ingancin da za su sa dabarar ta yaɗu.

Foley ya ci karo da matsalar ne ta wata fuska. A ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wani ƙullutun nama da ake kira furostet, wanda ke kewaye da hanyar fitsari. Idan shekaru suka ja yakan kumbura ya matse hanyar. Idan aka yi tiyatar rage shi kuma, wurin kan yi ta zubar da jini, ga shi a can ciki ne inda hannu ba ya kai wa balle a danne.

Balan-balan a bakin roba

A 1929 Foley ya wallafa bayanin wata roba mai ɗan balan-balan kusa da bakinta. Idan ta shiga sai a cika balan-balan ɗin, a ɗan ja robar baya, ya danne wurin da ke zubar da jini. Manufarsa ta farko ke nan.

Daga baya ya lura cewa abin da ke danne jijiya shi ne kuma ke hana robar fitowa. Ya shafe shekarun farko na 1930 yana gyara ƙirar. Ya dace da lokacin da masana'antu suka ƙware wajen sarrafa ruwan itacen roba ta hanyar tsoma ma'auni a cikinsa, abin da ya ba da damar fitar da roba da balan-balan ɗinta a dunƙule. Ya nuna ta ga taron likitocin mafitsara na Amurka a 1935, ya wallafa cikakken bayaninta a 1937.

Ƙirar ba ta da sarƙaƙiya. Hanyoyi biyu ne a cikin roba ɗaya. Babbar ita ce fitsari ke bi zuwa jaka. Ƙaramar kuma ta nan ake tura tsaftataccen ruwa da sirinji zuwa balan-balan, galibi mililita 10, wato kamar cokalin shayi biyu. Idan za a cire, sai a zuƙe ruwan, balan-balan ya saɓe, robar ta fito. Akwai mai hanya ta uku da ake wanke mafitsara da ita bayan tiyata. Kaurinta kuwa da ma'aunin Faransa ake ƙirga shi, inda kowace lamba uku ke daidai da milimita ɗaya.

Shari'ar da ya sha kaye

Yana cikin wannan gyare-gyare ne, a 1936, ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Amurka ya ba wani mutum mai suna Paul Raiche na kamfanin roba na Davol, da ke birnin Providence, takardar mallakar roba mai balan-balan. Wata huɗu bayan haka, a Oktoban 1936, Foley ya shigar da tasa buƙatar.

Kwamitin ɗaukaka ƙara na ofishin ya saurare shi, ya ba shi gaskiya. Raiche ya garzaya kotu, kotu ta soke wancan hukunci ta mayar masa da takardar. Foley ya nemi a sake sauraron shari'ar, aka ƙi. Abin ya zama kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abu ɗaya ne kotu ba ta iya ƙwacewa ba. Tun 1935 kamfanin C. R. Bard ya fara rarraba robar da sunan Foley, likitoci kuma suka riƙe sunan. Shekaru da dama bayan haka, a 1980, kamfanin Bard ya saye Davol baki ɗaya. A yau da wuya a sami ma'aikacin jinya da ya san sunan Raiche.

Foley bai tsaya a nan ba. A 1937 ya bayyana wata hanyar tiyata ta buɗe toshewar da ke faruwa a mahaɗar ƙoda da bututun da ke sauko da fitsari, wadda ita ma ke ɗauke da sunansa. Ya ƙera teburin tiyata mai ɗagawa da ƙarfin ruwa, da na'urar yankan furostet mai juyawa. A 1947 ya fito da wata na'urar riƙe fitsari ga mazan da yake zubo musu ba da saninsu ba, wadda ake lissafawa a matsayin ta farko a irinta. Ya rasu ranar 24 ga Maris na 1966 sakamakon kansar huhu, yana da shekara 74.

Hanyar da malaminsa ya bari

Don a gane yadda robar fitsari ta isa ga ƙwaƙwalwa, sai an koma kan malaminsa Cushing.

Ƙwaƙwalwa na zaune ne a kan wani daɓe na ƙashi, wato gindin ƙoƙon kai, kuma rufin kogon hanci wani ɓangare ne na wannan daɓen. A tsakiyarsa akwai wani ɗan gurbi da masana suka yi wa laƙabi da sirdin Turkawa saboda siffarsa. A ciki ne wata 'yar tsoka mai suna fituwitari take. Girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, amma ita ke sarrafa sinadaran girma, da na haihuwa, da na ruwan nono. Jijiyoyin gani suna gittawa ne daidai samanta. Shi ya sa idan ƙari ya fito mata, mutum kan fara rasa ganin gefe da gefe, mace kuma al'adarta ta ɗauke ko nono ya riƙa zubo mata ba tare da haihuwa ba.

Hanya mafi kusa zuwa wurin ita ce ta hanci. Hermann Schloffer ne ya fara bin ta a 1907 a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya, Oskar Hirsch na Vienna ya inganta ta a 1910. Cushing ya yi irin wannan tiyata fiye da sau 200. Amma zuwa ƙarshen shekarun 1920, daidai lokacin da Foley ke fito da balan-balan ɗinsa, Cushing ya koma buɗe ƙoƙon kai ta sama. A wancan zamani haske ba ya isa can ƙuryar hanci sosai, kuma ba a samu magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba tukuna. Akasarin likitoci suka bi bayansa.

Ɗalibinsa Norman Dott na Edinburgh ne ya ƙi sakin hanyar hanci. Daga gare shi Gerard Guiot na Paris ya koya, shi kuma ya koyar da Jules Hardy na Montreal, wanda ya shigo da madubin ƙara girma cikin aikin a shekarun 1960. A shekarun 1990 likitoci a Faransa da Italiya da birnin Pittsburgh na Amurka suka fara amfani da endoskof, wani siririn sanda mai fitila da kyamara da ake zurawa ta ƙofar hanci, likita na kallon komai a allon talabijin. Ba a tsaga fuska, ba a buɗe kai.

Ramin da dole a toshe

Sabuwar hanyar ta zo da nata ciwon kai. Ƙwaƙwalwa na iyo ne a cikin wani ruwa garai-garai, kuma jiki na samar da kusan rabin lita nasa a kullum. Idan aka huda daɓen don cire ƙari, dole a toshe ramin, in ba haka ba ruwan ya riƙa ɗiga ta hanci. Ta inda ruwa ya fita kuwa, ta nan ƙwayoyin cutar hanci za su shiga, su haddasa sanƙarau. Mutanen Sakkwato da Zamfara da suka ga annobar 2017 ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan cuta.

Toshe ramin na da wuya domin daga ƙasa ake manna facin, kamar mai liƙe rufin ɗaki daga ciki alhali ruwa na kwance a sama. Nauyin ruwan na tura shi, bugun jini na girgiza shi, tari ko atishawa na iya ɓamɓare shi. A farkon manyan tiyatocin nan, fiye da mutum ɗaya cikin biyar kan sami yoyon ruwan bayan aiki.

A 2006 aka wallafa dabarar wasu likitoci biyu daga birnin Rosario na Ajantina, Gustavo Hadad da Luis Bassagasteguy. Sukan ɗaye fatar da ke lulluɓe da bangon da ya raba ƙofofin hanci biyu, ba tare da an yanke jijiyar da ke ba ta jini ba, sai a juya ta a shimfiɗa a kan ramin. Da yake faci ne mai rai, yana saurin kamawa. Da wannan dabara yoyon ya ragu zuwa wajajen kashi 5 cikin 100 a manyan cibiyoyi.

Amma ko faci mai rai na buƙatar abin da zai tokare shi na 'yan kwanaki kafin ya manne. A nan ne likitoci suka ɗauko robar Foley. Bayan an jera facin, wani lokaci tare da kitse ko fatar tsoka da aka ciro daga ciki ko cinyar mara lafiyar, sai a sa gam na tiyata da soso mai narkewa. Daga nan a zura robar ta hanci, a cika balan-balan a hankali ana kallo ta kyamara, har ya tallafe facin daga ƙasa. Yakan zauna kwanaki kaɗan, galibi ƙasa da mako guda, sannan a zuƙe ruwan a zare shi.

Aikin na buƙatar taka-tsantsan. Idan aka cika balan-balan fiye da kima, zai iya matse jijiyar gani ko ya shaƙe jijiyar da ke ciyar da facin. Yana kuma takura wa mara lafiya. Saboda haka wasu likitocin sun fi son soso na musamman ko kayan da ke narkewa da kansu, musamman idan ramin ƙarami ne. Duk da haka robar na da abin da sauran ba su da shi: tana da araha, kuma akwai ta a kusan kowane asibiti.

Abin da ya shafi mutanen Gobir

Ba ƙari kaɗai ke huda gindin ƙoƙon kai ba. Faɗuwa daga babur ko duka a kai na iya tsaga shi, kuma a yankin da kabu-kabu ne abin hawan yau da kullum, wannan ba baƙon abu ba ne. Alamar ita ce ruwa fari kamar na famfo da ke ɗiga, galibi ta ƙofar hanci ɗaya, mai ɗanɗanon gishiri, wanda ke ƙaruwa idan mutum ya sunkuya, misali a ruku'u ko sujada. Mutane da yawa kan ɗauka mura ce.

Yawancin irin wannan yoyo kan tsaya da kansa cikin kwanaki idan an kwantar da mutum a asibiti. Wanda ya ƙi tsayawa sai an yi masa faci. Ga mutumin Bafarawa ko Isa ko Sabon Birni, wurin zuwa shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, mai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa. Tafiyar na da nisa, kuma matsalar 'yan bindiga a gabashin jihar ta ƙara mata wahala. Amma kowace rana ta jinkiri dama ce ga sanƙarau. Bai kamata a cusa wa irin wannan mara lafiya komai a hanci ba, ko ya riƙa fyace majina. Su kansu likitoci ba sa zura roba a hancin wanda ake zargin ƙashin ya tsage ba tare da gani ba, domin an sha samun ta zarce cikin kai.

Inda robar Foley ta fi taɓa rayuwar yankin kuwa shi ne ɗakin haihuwa. Doguwar naƙuda na matse mafitsara har naman ya mutu, a sami yoyon fitsari. Likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, wanda ya shafe shekaru yana wannan aiki a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina tun shekarun 1980, ya nuna cewa idan aka sa robar da wuri aka bar ta na wasu makonni, wasu ƙananan ramukan kan warke ba tare da tiyata ba. A Sakkwato, asibitin mata da yara na Maryam Abacha ne ya yi suna a kan gyaran wannan larura. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar barin robar kwana 7 zuwa 10 bayan gyaran yoyon da ba shi da sarƙaƙiya.

A Bangladesh kuma, likita Sayeba Akhter ta ɗaura kwaroron roba a bakin robar fitsari, ta cika shi da ruwan gishiri a cikin mahaifa don tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Dabarar ta yaɗu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ita ce dai manufar Foley ta 1929: danne jini daga ciki a inda hannu ba ya kai wa.

Amfani da haɗari

Robar na da nata sharri. Kowace rana da ta ƙara a jiki, haɗarin shigar ƙwayoyin cuta mafitsara na ƙaruwa, kuma tana cikin manyan hanyoyin kamuwa da cuta a asibitoci a duniya. Abin ya fi tsanani ga dattawan da ke yawo da ita wata da watanni saboda ba su da kuɗin tiyatar furostet.

Ƙa'idojin kula da ita ba su da yawa. Ma'aikacin lafiya ne kaɗai ke sa ta da cire ta. Jakar ta kasance ƙasa da mara a koyaushe don kada fitsari ya koma. A wanke hannu kafin a taɓa ta, a sha ruwa sosai, a je canji a ranar da aka ɗiba. Kada a kuskura a fizge ta alhali balan-balan na cike, domin yakan yaga hanyar fitsari. Zazzaɓi, jini, ko tsayawar fitsari a jaka alama ce ta a koma asibiti nan take.

Foley ya rasu shekara 40 kafin a wallafa dabarar likitocin Rosario, don haka bai ga robarsa a hancin masu tiyatar ƙwaƙwalwa ba. Takardar mallakar da aka yi ta shari'a a kanta ta daɗe da ƙarewa, kamfanoni a ƙasashe da dama na ƙera robar yanzu, da roba ko da silikon, kusan a siffar da ya bayyana a 1937. Daga ɗakin tiyata na Pittsburgh har zuwa ɗakin haihuwa na Sabon Birni, idan likita ya miƙa hannu yana neman ta, sunan Foley yake kira.